Jar Ɗamara ta Aro

Ƙarfe ɗaya saura minti goma, ranar Talatar farko ta Nuwamba, Régis Dalmont yana tsaye bakin tagar ofishinsa cikin sabuwar kwat, yana gaya wa kansa cewa ba don komai ya saye ta ba, tsohuwar ce ta fara sheƙi a gwiwar hannu. A bayansa Odile Kervella na zaune a kujerar baƙi, tana ɓare lemo a kan takardun mutane.

Abu guda suke jira. Da ƙarfe ɗaya daidai, tsofaffi goma, alƙalan gasar adabi, da ke cin abinci a saman wani gidan abinci can ƙetaren kogi za su ajiye cokulansu, ɗayansu ya sauko matakala ya faɗi wanda ya ci Kyautar Montclar ta bana. Littattafai huɗu ne suka rage a takara. Ɗaya na Odile ne, kuma kamfanin Régis ne ya wallafa shi. Ɗaya na Régis ne da kansa. Nasa, kamar shidan da suka gabace shi, a kamfanin Lucien Abadie ya fito, don mai gidan wallafa da ya buga kansa da kansa ya gama zama abin dariya a garin nan.

Régis ya zo Paris daga Limoges yana ɗan shekara ashirin da biyu, da akwati ɗaya da niyyar zama babban marubuci. Kafin hakan ta tabbata, ya karɓi aikin karanta rubuce-rubucen da ake aiko wa kamfani ta gidan waya, na ɗan lokaci kawai. Shekara talatin da biyar ke nan. Abin da aka gano yana da shi ido ne. In ya karanta shafi goma, ya san inda littafi ke ciwo, ya kuma san abin da za a yanke ya warke. Da wannan idon ya buɗe nasa kamfanin. Littattafansa kuwa jaridu kan yabe su da irin kalmomin da ake yabon mamacin da ba a san shi sosai ba.

Odile malamar lissafi ce a wata sakandare a Quimper lokacin da ta aiko masa da rubutunta na farko. A tsaye ya karance shi, washegari ya hau jirgin ƙasa ya je ya same ta. Shekara goma sha tara ke nan, littafi takwas, kuma babu layi ɗaya nata da ya je maɗaba'a bai bi ta ƙarƙashin fensirinsa ba. Marubutan kamfanin sun kai sittin, amma in an ce kamfanin Dalmont, Odile ake nufi. Shi ma ya sani.

Wata biyu ke nan yana cin abincin rana da alƙalan ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa littafinta kamfe tsakanin kifi da cuku. In wani ya ce, "To naka fa?" sai ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ƙware a kaɗa hannun nan ƙwarai.

"Ka zauna mana, ɗan ƙanena," in ji Odile. "Kana tsaye kamar wanda ya zo neman aure."

"Ke nake taya fargaba."

"Ni ba na fargaba. Ƙafafuna ke ciwo. Wa ya zaɓar maka kwat ɗin nan?"

"Ni."

"Ai da gani."

Wayar kan tebur ta yi ƙara ƙarfe ɗaya da minti biyu. Ma'aikaciyarsu ce mai hulɗa da 'yan jarida, wadda aka tura ta tsaya gindin matakalar. Hayaniya ta cika layin, sai da ta maimaita.

"Odile ce. Odile ta ci. Zagaye na farko, ƙuri'a bakwai."

"Madalla," in ji Régis. Ya ji muryarsa ta fito daidai, ya yi mamaki. "Sauran ukun fa?"

"Na marubucin nan ɗan Marseille ne duka ukun. Maigida, ku taho yanzu, minti arba'in suka ba mu kafin hoto."

Ya ajiye wayar a hankali. Bakwai da uku goma. Ya sake lissafawa, goman dai ce. Mutum goma, waɗanda biyar daga cikinsu sun riƙe hannunsa a watan jiya sun ce babinsa na tara ya hana su barci, babu ko ɗaya da ya ɗaga masa yatsa, ko don kunya.

"Kin ci," ya ce.

Odile ta ajiye ɓawon lemon. Ta kalli tafin hannunta, sannan ta ce, "To. Ashe sai na sa takalmin kirki." Ya sunkuya ya sumbace ta a kunci biyu. A waje ma'aikata sun fara tafi, wani ya buɗe kwalba.

A cikin wannan hargitsin ne Josiane Tissier ta kama shi a hannun riga ta ja shi lungun da ake ajiye kwalaye. Josiane ce ke kula da duk abin da ya shafi takarda da tawada tun ranar da aka buɗe kamfanin, kuma a shekarun nan duka ba a taɓa ganin ta yi sauri ba. Yau numfashinta sama-sama yake.

"Maigida, ina ɗamarun?"

"Waɗanne?"

"Kada ka yi min haka. Ɗamarun kyauta. Ina aka sauke su?"

Jar takarda ce mai faɗin yatsu huɗu da ake ɗaura wa littafi a ƙugu, an rubuta sunan kyautar da shekarar da fararen haruffa. Ita mai saye ke hangowa daga ƙofar shago, ita ake gani a hoto. Duk kamfanin da littafinsa ya kai huɗun ƙarshe yakan buga tasa tun kafin sakamako, uku su zubar da tasu a shara ba tare da an yi zancen ba. Kuma marubucin da ya ci, in ya leƙo ta tagar gidan abincin nan, da littafinsa mai ɗamara a hannu yake leƙowa.

"Ai ke kika yi oda," in ji Régis.

"Na kawo maka takardar ka sa hannu, yau kwana goma sha biyu. Ka ce in bari, kai da kanka za ka kira maɗaba'a, kana so ka yi magana da su kan kalar."

Ya tuna ya faɗi haka. Ya kuma tuna ya yi maganar kala da wani. Ya koma ofis, Odile na can tsakiyar ma'aikata ana rungumarta, ya ɗaga tarin takardun da ke gefen dama na teburin. Takardar odar na nan inda Josiane ta ajiye ta, fara tas, ba sa hannu. Ya tsaya yana kallonta. Kwana goma sha biyu yana zama a teburin nan, gwiwar hannunsa a kanta, kuma da an tsayar da shi a hanya an tambaye shi, da ya rantse an buga.

Josiane ta riga ta kira maɗaba'ar. Ta rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Juma'a. Wai makon kyaututtuka ne, injinansu duka a cike suke."

"Wata maɗaba'ar fa?"

"Duk garin makon kyaututtuka ne, maigida." Ta rage murya. "Me za mu ce mata? Cewa kamfaninta bai zaci za ta ci ba?"

Abin da bai kamata Odile ta sani ba ke nan. Sauran duka, shaguna da hotuna da 'yan jarida, ana iya lallaɓa su. Régis ya ciro wayarsa daga aljihu, ya dubi sunan da ke saman jerin waɗanda ya kira kwanan nan, ya danna.

"Mutumina," in ji Lucien Abadie, da muryarsa ta mai cin abinci. Yana zaune a shagon kofi daura da gidan abincin, inda ya kwashe awa guda yana jiran nasarar Régis. "Ta'aziyya zan yi maka ko barka? Ka faɗa min wanne Régis ne a layi."

"Ɗamarun da ka buga min. Suna ina?"

"Dubu arba'in, a sito. Ɗaya kuma a aljihuna, a jikin littafinka. Na ɗauka zan naɗe kifi da su."

"Akwai sunana a jiki?"

"Sunan kyauta da shekara kawai, kamar kullum. Kai da ka kira ni sau biyu kana tambaya ko jan ya yi ja sosai, ka manta?" Régis ya ji an ajiye cokali. "Tsaya. Kada dai ka ce min ba ka buga wa matar nan ba."

"Kuskure aka samu a ofis."

"A ofis. To, ofis bai kyauta ba." Dariyar Lucien ba ta da ƙara, numfashi ce kawai ta hanci. "Ka kwashe su duka, kyauta. Zan sa a kai muku yanzu. Ta aljihuna kuma ka zo ka karɓa da hannunka, ina so in ga fuskarka."

A cikin tasi Odile ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa, tana tambaya ko dole ne ta ci abincin tsofaffin in sun yi mata tayi. Régis yana amsawa da e da a'a. Da suka isa, ya miƙa ta hannun ma'aikaciyar da ke jira, ya ce zai gaisa da wani, ya tsallaka titi. Lucien ya miƙe tsaye don girmamawa, ya zare ɗamarar daga littafin Régis a hankali kamar mai cire bandeji, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Kwat ɗin ta yi maka kyau," ya ce.

A bayan wata motar kaya Régis ya ciro littafin Odile ya ɗaura. Nan ya ga abin da bai yi tunani ba. Maɗaba'a kan karya ɗamara daidai kaurin littafin da aka yi ta dominsa. Nasa shafi ɗari biyar da arba'in ne. Nata ɗari da saba'in. Ɗamarar ta zauna a littafinta kamar wandon babba a jikin ƙarami, ta sulale ta faɗi ƙasa. Ya ɗauka, ya goge ta a hannun riga, ya sake karya ta da farce a kan murfin motar mutane. Ta zauna, amma tsofaffin layukan karin suna nan, biyu, farare a cikin ja.

Ya hau matakala, ya kutsa cikin masu kyamara, ya sa mata littafin a hannu. "Ki riƙe shi ta nan," ya ce, ya ɗora babban yatsanta a kan layin.

Ta kalli yatsan, ta kalle shi, sai aka kira sunanta daga taga ta juya. An yi hoto. An yi jawabi. Shugaban alƙalan, wanda ya fi kowa rasa barci saboda babi na tara, ya riƙe hannun Régis ya ce masa lallai shi babban edita ne. Odile ta gode wa ɗalibanta na da, ta gode wa ma'aikatan jirgin ƙasa, sannan ta ce, "Da Régis Dalmont, wanda ya fi ni sanin abin da nake so in faɗa." Aka tafa. Régis ya ji kamar an zuba masa ƙanƙara a cikin riga.

Ƙarfe huɗu da rabi suka dawo kamfani. Kwalayen Lucien sun iso, Josiane ta kwashe ma'aikata zuwa ɗakin baya, ta rufe ƙofa, kowa da rula yana sake karya takarda. An zaunar da Odile a ofishin Régis ta sa hannu a kofe ɗari na masu shaguna. Shi kuma ya tsaya yana buɗe mata shafin farko yana miƙawa. Ta sa hannu a wajen ashirin. Har ya fara jin numfashinsa na dawowa.

Sai ta ajiye alƙalami. Ta ɗauki littafin da aka yi hoto da shi, ta zare ɗamarar, ta shimfiɗa ta a tebur, ta bi tsofaffin layukan nan biyu da yatsa. Ta auna tsakaninsu da ɗan yatsanta da babban. Ba ta saki awon ba ta miƙe, ƙafa ba takalmi, ta je kantar da ke bayan teburinsa, ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya har awon ya tsaya. Ta ciro nasa. Ta ɗaura. Ɗamarar ta zauna daram, ba ragi ba ƙari.

"Shekara talatin ina koyar da awo," ta ce. Ta dawo ta zauna. "Ka rufe ƙofa."

Ya rufe.

"Ba ka buga min ba."

"Takardar ta shige ƙarƙashin wasu ne. Ban san—"

"Régis. Ba Josiane ba ce ni." Ba ta ɗaga murya ba. "In mugunta ce, ka faɗa min. Wannan ba komai ba ne. Kowa a garin nan yana da tasa, da ita ake zuwa cin abinci. In ka ce kishi ne ya kama ka, ka kasa sa hannu, zan zage ka yau, gobe mu sha kofi."

Ya buɗe baki. Ƙofar fita ce Odile ta buɗe masa, ya kuma gan ta sarai. Kalma ɗaya ce, kishi, kuma ba ta da tsada a wajen mutum irinsa.

"Abin da nake so in sani daban ne," ta ci gaba. "Nawa ka karanta shi sau huɗu da fensiri. Naka kai ka rubuta. Ka ajiye su biyu a teburin nan, kai kaɗai, ba ɗan jarida, ba alƙali. Ka duba. Sai ka ga naka ne zai ci?"

Shekara goma sha tara bai taɓa yi mata ƙarya kan littafi ba. Kan lafiyarsa ya yi, kan aurensa ya yi, kan yawan kofen da aka sayar ma ya taɓa ƙarawa don ya faranta mata. Amma kan abin da ke shafi, bakinsa bai san hanyar ba.

"E," ya ce.

"Da gaske. Ba fata ba. Ka ga ya fi."

"Na ɗauka babi na tara..." Ya tsaya.

"Babi na tara." Ta jingina da kujera. "Wanda ake ruwan sama shafi talatin, mutumin yana kallon taga."

"Ba ruwan saman ba ne ainihin—"

"Na karanta shi, ɗan ƙanena. A jirgi. Na wuce tashata, amma barci ne ya jawo."

Fuskarta ce ta tsorata shi. Ya zaci fushi, ya shirya masa. Abin da ya gani kuwa fuskar mutumin da aka gaya wa cewa sikelin da yake auna maganinsa da shi shekara da shekaru ba daidai yake ba. Ta yi fari.

"A littafi na huɗu," ta ce a hankali, "akwai shafi arba'in kan mahaifiyata, ranar da aka kwashe kayanta daga gida. Ka ce in cire. Na yi kuka mako guda, na cire, don kai ka ce. Ban taɓa tambaya ba. Na ce idon Régis ba ya kuskure."

"Cirewar daidai ce. Har yau ina nan a kan haka."

"Da wane ido? Da wanda ya ga babi na tara?"

Ya nemi zama, ya tarar kujerarsa na can bayan tebur, nesa, sai ya dafa kwalin littattafai.

Odile ta jawo jakarta ta buɗe. A ciki ya hango ƙunshin takardu mai kauri, an ɗaure da roba, irin ɗaurin da ya sani tun ƙunshi na farko.

"Na gama sabon tun Satumba," ta ce. "Na ce in bari hayaniyar nan ta wuce in ba ka yau, ko mun ci ko mun faɗi." Ta zura alƙalaminta gefen ƙunshin, ta ja zif.

"Wa za ki ba? Lucien?"

"Wannan mai dariya ta hanci? Haba dai. Ban san wa zan ba ba. Matsalar ke nan, ka gane? Ina da shekara sittin da takwas, yau na ci kyauta, kuma ban san ko littafina na da kyau ba, don wanda nake tambaya..." Ta bar maganar a nan. Ta sunkuya ta sa takalmanta, ɗaya bayan ɗaya, da nishi. "Kana ajiye abin da kake sa mu cire?"

"Duka. Suna ƙasa, a kwalaye."

"Ka aiko min da nawa Quimper. Na littafi takwas ɗin. Zan karanta da kaina."

"Odile, akwai hira da gidan talabijin ƙarfe shida."

"Zan je. Ba ni da rigima da gidan talabijin." Ta miƙe, ta rataya jakar a kafaɗa, ta dafe ta da gwiwar hannu. A bakin ƙofa ta juyo. "Sauran tamanin ɗin zan sa musu hannu gobe. Ba sai ka tsaya kana buɗe min shafi ba."

Ya ji takunta a matakala, ya ji ta tana yi wa mai gadi barkwanci, ya ji ƙofar titi. Bai san tsawon lokacin da ya yi dafe da kwalin ba, sai da Josiane ta leƙo, gilashinta a goshi, jan tawada a yatsunta.

"Ta gane?"

"Ta gane."

Josiane ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta tambayi sauran ba. "Mun karya ɗari tara," ta ce. "Motar rabawa za ta zo da safe. In ba ka da wani aiki, maigida, akwai rula ɗaya da ba kowa."